Ƙarancin bayotinidas

Ƙarancin bayotinidas cuta ce ta gado da ba a cika samunta ba, wadda ke hana jiki sake amfani da bayotin, ɗaya daga cikin bitamin na rukunin B da ake kira bitamin B7 ko bitamin H. Mai wannan cuta ana haifarsa ne da nakasa a wani enzayim mai suna bayotinidas, wanda aikinsa shi ne kwance bayotin daga jikin furotin domin jiki ya sake mora. Idan ba a yi magani ba, cutar na iya jawo jijjiga, sakin jiki, ƙurajen fata, zubewar gashi, kurumta, lalacewar gani, jinkirin girma, doguwar suma, har ma da mutuwa. Maganinta kuwa bayotin ne kawai da ake sha kullum, mai araha kuma marar wahala. Yaron da aka fara ba shi tun kafin alamomi su bayyana yakan tashi lafiya lau, amma wanda aka makara da shi yakan rasa ji ko gani ta yadda magani ba ya iya dawo da su. Saboda haka ne ƙasashe da dama suka sanya cutar cikin jerin waɗanda ake gwada kowane jariri a kansu a kwanakin farko na haihuwa.

Aikin bayotin a jiki

Bayotin bitamin ne da ke narkewa a ruwa. Ana samunsa a hanta, gwaiduwar ƙwai, gyaɗa, waken suya, yis da wasu kayan lambu, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji su ma suna ƙera shi. Abin da jiki ke buƙata ɗan kaɗan ne: kimanin maikurogiram 30 a rana ga babban mutum, maikurogiram 5 ga jaririn da bai wuce wata shida ba.

Duk da ƙanƙantarsa, akwai enzayim iri huɗu da ba sa aiki sai da shi. Enzayim shi ne sinadarin furotin da jiki ke ƙerawa don ya tafiyar da wani aiki na musamman, kuma waɗannan huɗun ana kiransu kaboksilas. Na farko yana taimakawa wajen ƙera sukari a hanta lokacin da mutum bai ci abinci ba. Na biyu shi ne matakin farko na ƙera kitse. Sauran biyun suna aikin farfasa wasu daga cikin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Kowane ɗayansu ana ƙera shi ne ba tare da bayotin ba, sai wani enzayim dabam, holokaboksilas sintetas, ya zo ya maƙala masa bayotin, sannan ya fara aiki.

Enzayim ba ya dawwama. Idan kaboksilas ya tsufa, jiki yakan farfasa shi, sai bayotin ya rage maƙale da amino asid guda ɗaya mai suna laisin. Wannan ɗan guntu shi ake kira bayositin, kuma jiki ba ya iya amfani da shi a haka. A nan ne bayotinidas ke shigowa: yana raba bayotin da laisin, bayotin ya koma sakakke, a sake maƙala shi ga sabon kaboksilas. Ta haka ƙwaya ɗaya ta bitamin ke zagayawa sau da yawa kafin ta fita daga jiki. Bayotinidas yana da wani aiki na biyu a hanji, domin yawancin bayotin da ke cikin abinci a ɗaure yake da furotin, kuma sai an kwance shi hanji ke iya tsotsarsa.

Ke nan mai ƙarancin bayotinidas yana asara ta fuska biyu. Ba ya iya kwance bayotin da ke cikin abincinsa yadda ya kamata, sannan wanda ke jikinsa yana zubewa ta fitsari a matsayin bayositin. Sannu a hankali ajiyar da ya zo da ita daga cikin uwa takan ƙare, kaboksilas huɗun su raunana gaba ɗaya, sinadaran da ya kamata su sarrafa su taru a jini. Wannan ne dalilin da ya sa jariri kan fito da lafiyarsa, sai bayan makonni ko watanni ciwo ya bayyana. Ƙwaƙwalwa ita ta fi saurin shiga matsala, domin bayotinidas da ke cikinta kaɗan ne ko ga mai lafiya, tana dogara ne da bayotin da jini ke kawo mata.

Yadda ake gadonta

Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera bayotinidas ana kiranta BTD, tana kan gajeren hannun kuromosom na 3, a gurbin da ake rubutawa 3p25. Kowane mutum yana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Cutar ba ta bayyana sai duka biyun sun samu nakasa. Wanda ya gaji guda ɗaya mai nakasa yakan samu kusan rabin ƙarfin enzayim ɗin, kuma rabin ya ishe shi, ba ya ciwo, yawanci ma bai san yana ɗauke da ita ba.

Tsarin gadon iri ɗaya ne da na ciwon sikila. Kamar yadda mai AS da mai AS ke iya haifar mai SS, haka ma idan miji da mata duka suna ɗauke da BTD mai nakasa, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai cutar, biyu cikin huɗu na haifar mai ɗauke da ita ba tare da ciwo ba, ɗaya cikin huɗu na haifar wanda bai gaji komai ba. Wannan lissafi na kowane ciki ne a karan kansa. Haihuwar ɗa guda mai cutar ba ta nufin uku da za su biyo baya sun tsira. Maza da mata duk ɗaya suke a wajen kamuwa. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyin biyu, domin 'yan'uwa na iya gadon nakasa iri ɗaya daga kaka guda.

An gano sauye-sauye sama da 150 a cikin BTD da ke rage ƙarfin enzayim ɗin, kuma ba duka ke da tsanani ɗaya ba. Likitoci sun raba cutar gida biyu bisa ga abin da gwajin jini ya nuna. Idan ƙarfin bayotinidas bai kai kashi 10 cikin 100 na matsakaicin mai lafiya ba, ana kiransa ƙaranci mai tsanani. Idan yana tsakanin kashi 10 zuwa 30, ana kiransa ƙaranci na wani ɓangare.

Kusan duk masu nau'i na biyun suna ɗauke da wani sauyi guda da ake kira D444H, wanda ya yaɗu sosai a tsakanin mutane. Shi wannan sauyin ba ya kashe enzayim ɗin, rage masa ƙarfi yake yi da kusan rabi. Mutumin da ya gaji D444H daga iyaye biyu yakan tsaya a kusan kashi 50, ba ya buƙatar magani. Amma wanda ya gaji D444H daga ɗaya, ya gaji sauyi mai tsanani daga ɗayan, yakan sauko zuwa wajen kashi 20 zuwa 25, wato ya faɗa cikin ƙaranci na wani ɓangare.

Alamomi

A nau'i mai tsanani, alamomi sukan fara ne tsakanin wata uku zuwa shida da haihuwa, ko da yake an ga waɗanda suka fara tun a makon farko, da waɗanda sai da suka kai shekara goma. Alamar farko galibi ita ce jijjiga, irin wadda magungunan farfaɗiya da aka saba ba su cika tsayar da ita ba. Jikin yaron kan saki, wuyansa ya kasa tsayawa, ya yi jinkirin zama da rarrafe. Wanda ya riga ya fara tafiya yakan riƙa tangaɗi. Wasu kan samu matsalar numfashi: ko ya yi sauri da yawa, ko ya riƙa fita da ƙara daga maƙogwaro, ko ya riƙa ɗaukewa na ɗan lokaci.

Alamomin fata su ne suka fi saurin jan hankalin likita zuwa ga cutar. Akan ga jajayen ƙuraje masu ɓawo, musamman kewayen baki, hanci, idanu da wajen ƙunzugu. Gashin kai yakan yi laushi ya zube, wani lokaci har da gira da gashin ido. Ido kan yi ja. Garkuwar jiki takan yi rauni, sai cutar kandida ta riƙa dawowa, ta sa farin dabbare-dabbare a baki da harshe. Sai dai ba kowane yaro ke nuna waɗannan ba. Akwai waɗanda jijjiga kawai suke yi, fatarsu da gashinsu lafiya ƙalau, kuma irinsu ne aka fi daɗewa ba a gano abin da ke damunsu ba.

Idan abin ya yi nisa, asid yakan taru a jini, musamman laktik asid da sinadaran keton, yaro ya riƙa amai, ya galabaita, ya shiga doguwar suma. Zazzaɓi, gudawa ko daɗewa ba a ci abinci ba sukan tunzura irin wannan hali.

Illa biyu ne suka fi muni a wajen waɗanda suka rayu. Ta farko kurumta ce da ke zuwa daga lalacewar jijiyar ji, wadda aka samu a kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da ke da nau'i mai tsanani waɗanda suka kai ga nuna alamomi kafin magani. Ta biyu ita ce shanyewar jijiyar gani. Dukkansu biyu, tare da jinkirin fahimta da ya riga ya kafu, ba kasafai suke gyaruwa ba ko an fara shan bayotin.

Akwai kuma waɗanda cutar ba ta bayyana a jikinsu sai sun kai samartaka ko sun girma. Su ba jijjiga ce ke kai su asibiti ba. Ganinsu ne ke dusashewa cikin ɗan lokaci, ƙafafunsu su yi nauyi su sandare saboda taɓuwar lakar baya. An sha ɗaukar irin waɗannan a matsayin masu wata cutar jijiya dabam da garkuwar jiki ke haddasawa, a yi ta ba su magungunan danne garkuwa ba tare da sauƙi ba. Abin mamaki kuma, an samu manyan mutane masu nau'i mai tsanani da ba su taɓa yin ciwo ba, ba a gano su ba sai bayan gwajin jariransu ya nuna cutar aka gwada iyaye.

Masu ƙaranci na wani ɓangare yawanci ba sa nuna komai. Wasunsu kan samu ƙuraje, zubewar gashi ko sakin jiki idan wata doguwar rashin lafiya ta kama su.

Ganowa

Hanyar tabbatar da cutar ita ce auna ƙarfin bayotinidas a ruwan jini. Auna bayotin ɗin kansa bai wadatar ba. Gwajin fitsari yakan nuna wasu asid da ba a saba gani da yawa ba, musamman wanda ake kira 3-haidroksi-aisobalerik, amma wasu yaran da ke jijjiga sosai fitsarinsu ba ya nuna komai, saboda matsalar takan fara a ƙwaƙwalwa kafin ta bayyana a sauran jiki. Don haka fitsari mai kyau ba hujja ba ce ta kore cutar. Gwajin ƙwayar BTD yana taimakawa wajen rarrabe nau'i biyun da kuma gano masu ɗauke da ita a cikin dangi.

A wajen jarirai, ana tsira dunduniya a ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a aika ɗakin gwaji. A can ana haɗa ɗigon da wani sinadari da aka ɗaure wa bayotin. Idan akwai enzayim mai aiki, zai kwance shi, ruwan ya canza launi zuwa shunayya. Idan babu, launin ba ya fitowa. Ɗakunan gwaji da yawa a yau suna amfani da wata hanya mai kama da wannan da ke auna haske maimakon launi.

Gwajin yana da wuraren tuntuɓe. Bayotinidas ba ya jure zafi da laima, don haka takardar da ta daɗe a hanya ko aka ajiye ta a wuri mai zafi tana iya nuna ƙaranci alhali yaron lafiyarsa lau. Wannan babbar matsala ce ga ƙasashe masu zafi, kuma shi ya sa ake daskarar da jinin da za a yi gwajin tabbatarwa da shi, a haɗa da na iyaye da na wani mai lafiya don kwatantawa. Bakwaini da jariri mai ciwon hanta su ma sukan nuna ƙarfi ƙasa da na gaskiya. Wanda aka ƙara wa jini kafin gwaji kuwa yana iya fitowa kamar ba shi da cutar, domin enzayim ɗin wanda ya ba da jinin ne ake aunawa. Shan bayotin ba ya canza sakamakon wannan gwaji, don haka likita ba ya buƙatar jiran sakamako kafin ya fara magani idan yana zargin cutar.

Magani

Maganin shi ne bayotin sakakke, wanda ba a ɗaure da furotin ba, a sha ta baki kullum har ƙarshen rayuwa. Ga nau'i mai tsanani akan ba da miligiram 5 zuwa 10 a rana, wato fiye da ninki 150 na abin da babban mutum mai lafiya ke buƙata. Masu ƙaranci na wani ɓangare akan ba su daidai wannan ko ƙasa da shi. Dabarar mai sauƙi ce: tun da jiki ba ya iya sake amfani da tsohon bayotin, sai a cika shi da sabo kowace rana. Ga jariri akan niƙa ƙwayar a dama da ɗan nono ko ruwa a ba shi da cokali ko sirinji, maimakon a zuba a cikin kwalbar shayarwa inda garin kan maƙale a ƙasa. Cin abinci mai yawan bayotin ba ya maye gurbin maganin, domin na abinci a ɗaure yake kuma bai kai adadin da ake so ba.

Idan aka fara magani, jijjiga takan tsaya cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, asid ɗin jini ya daidaita, ƙuraje su warke cikin makonni, gashi ya dawo cikin makonni zuwa watanni. Yaran da aka gano tun suna jarirai aka ci gaba da ba su magani sukan girma kamar kowa, su yi karatu, matan cikinsu su yi ciki su haihu lafiya. Barry Wolf, likitan da ya gano cutar, ya rubuta a shekarar 2012 cewa idan har dole ne mutum ya gaji wata cuta ta sarrafa sinadaran jiki, to gara ta zama wannan.

Haɗarin da ya rage shi ne daina shan magani. Wanda bai taɓa ciwo ba yana da wuya ya yarda cewa ƙwayar ce ke riƙe da shi, kuma an ga samari da suka daina sha alamomi suka taso musu cikin makonni ko watanni. Akan riƙa duba ji da gani lokaci-lokaci. Wanda ya riga ya samu kurumta yakan buƙaci na'urar ji, ko dashen na'ura a cikin kunne, da koyon magana. Duk lokacin da aka gano yaro guda, akan gwada yayyensa da ƙannensa ko da ba su da wata alama.

Ana hana masu cutar cin ɗanyen farin ƙwai, saboda yana ɗauke da furotin mai suna abidin da ke kama bayotin ya hana hanji tsotsarsa. Dafaffen ƙwai ba shi da wannan matsala, domin zafi yana lalata abidin.

Bayotin ba a san shi da guba ba ko an sha da yawa, amma yana rikita wasu gwaje-gwajen jini waɗanda su kansu da bayotin aka gina su. Gwajin tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya, yana iya nuna kamar tana aiki fiye da kima alhali lafiyarta lau. Gwajin turoponin, wanda ake gano bugun zuciya da shi, yana iya fitowa ƙasa da gaskiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi kan haka a shekarar 2017. Mai shan bayotin ya kamata ya sanar da likita kafin a ɗebi jininsa.

Yaɗuwa

Alƙaluman da aka tattara daga gwajin miliyoyin jarirai sun nuna cewa ana samun cutar, idan an haɗa nau'i biyun, a kusan jariri 1 cikin 60,000, kuma kusan mutum 1 cikin 120 yana ɗauke da ƙwaya guda mai nakasa. An samu adadi fiye da haka a Turkiyya da Saudiyya, inda auren zumunci ya yawaita, da kuma Brazil. Dukkan jihohin Amurka suna gwada jarirai a kanta, haka ma Jamus da wasu ƙasashen Turai. Turkiyya ta sanya ta cikin shirinta na ƙasa a shekarar 2008. A inda babu irin wannan shiri, ba a gano yaro sai bayan ciwo ya kama shi, idan ma an gano.

Tarihi

Labarin bayotin ya fara ne da ƙwai. A shekarar 1927 wata mai bincike a Ingila, Margaret Averil Boas, ta nuna cewa ɓerayen da ake ciyarwa da ɗanyen farin ƙwai suna samun ciwon fata da zubewar gashi, kuma akwai wani abu a hanta da ke kare su. A 1936 Fritz Kögl da Benno Tönnis suka tace sinadarin daga gwaiduwar ƙwai suka raɗa masa suna bayotin. Paul György ne ya kira shi bitamin H, daga kalmar Jamusanci mai nufin fata. Vincent du Vigneaud da abokan aikinsa suka fayyace siffarsa a 1942.

A shekarar 1971 likitoci a Landan suka ba da rahoton wani jariri da ke fitar da baƙin asid a fitsari, wanda ya warware da aka ba shi bayotin. Da aka ƙara samun irinsa, aka lura cewa kaboksilas da yawa ne ke raunana lokaci guda, kuma marasa lafiyar sun kasu biyu: masu farawa a kwanakin farko na haihuwa, da masu farawa bayan watanni. An gano cewa yawancin rukunin farko matsalarsu tana ga enzayim mai maƙala bayotin. Rukuni na biyu kuwa an daɗe ana zaton hanjinsu ne ba ya tsotsar bitamin ɗin, har zuwa 1983 da Barry Wolf da abokan aikinsa a kwalejin likitanci ta Virginia da ke Richmond suka nuna cewa bayotinidas ne babu a jininsu. Cikin shekara guda suka ƙirƙiro gwajin ɗigon jini, aka fara gwada jarirai a jihar Virginia a 1984. An karanta tsarin ƙwayar gadon a 1994.

Cututtuka masu kama da ita

Wadda ta fi kusa da ita ita ce ƙarancin holokaboksilas sintetas, da ke kan kuromosom na 21. Alamominsu kusan ɗaya ne, maganinsu ma bayotin ne, sai dai ita takan fara da wuri, takan fi tsanani wajen tara asid a jini, kuma wasu masu ita suna buƙatar adadi mafi yawa. Gwajin bayotinidas yana fitowa daidai a wajensu, kuma da shi ake rarrabe su.

Ƙurajen da zubewar gashin suna kama da na ƙarancin zink, ko na gado ko na rashin abinci. Mutum na iya samun ƙarancin bayotin ba ta gado ba, ta hanyar yawan shan ɗanyen ƙwai na tsawon watanni, ko daɗewa ana ciyar da shi ta jijiya da ruwan da babu bayotin a ciki, ko daɗewa kan wasu magungunan farfaɗiya. Akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa ta gado da aka fara bayyanawa a Saudiyya a shekarar 1998, wadda ake yi wa magani da bayotin haɗe da bitamin B1. Duk da kamannin magani, ita tushenta nakasa ce a furotin da ke shigar da bitamin B1 cikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa, kuma bayotinidas na masu ita yana aiki daidai.